Karatun Bango: Daga Gandun Rumawa Zuwa Kufan Katsinar Laka

Duk wanda ya saba bin hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi da kaka, bayan an karye masara an yanke dawa, gonaki sun yi fayau, zai iya lura da wani abu wanda damina kan ɓoye wa ido. Nan da can, a tsakiyar gona, akan ga wani tudu siriri ya miƙe kamar ƙatuwar kunya, ya tanƙwara, ya ɓace, sa'an nan ya sake ɓullowa a gonar maƙwabci. A gefensa na waje akwai kwari inda ruwa kan daɗe bai ƙafe ba, daga ciki kuma ga tsofaffin kukoki a tsaitsaye. In ka tsaya ka tambayi mai gonar zai ce maka ganuwa ce. In ka ce wa ya gina ta, amsar ba ta wuce biyu: ko ya ce Amina, ko ya ce mutanen da.

Mu ma da wannan amsa muka tashi, kuma da ita muka daɗe muna sallamar ɗalibai a aji, har ranar da wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to yaya aka yi aka san ita ce?" Muka yi 'yan kame-kame, ƙararrawa ta cece mu. Amma tambayar ta bi mu gida, ita ce kuma ta ja mu zuwa ga abin da muke so mu tattauna da 'yan uwa marubuta a wannan fitowa, wato yadda masu binciken kufai ke sa bango ya ba da labarinsa da kansa.

Wannan yanki namu, wanda magabata ke kira Katsinar Laka saboda ƙasarsa mai danƙo da albarka, ba jiya ya fara tara jama'a ba. Tun kafin jihadi akwai birane masu ganuwa a cikinsa, irin su Maska da Gozaki, ga kuma 'Yandoto a yamma, garin malamai, wanda yanzu ya faɗa cikin Jihar Zamfara. Auduga da saƙa da rini su ne suka ɗaga waɗannan garuruwa. Funtuwa da muke alfahari da ita a yau ta bayan nan ce, sai da Turawa suka zo, hakimi ya taso daga Maska, jirgin ƙasa ya ratsa ta a kan hanyarsa ta Zariya zuwa Ƙauran Namoda wadda aka kammala a 1929, sa'an nan ta shige gaban iyayenta. Shi ya sa har gobe sarautar hakimin Funtuwa Sarkin Maska ce. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya zagaya waɗannan garuruwa a farkon shekarun 1970 yana zama da dattawa, abin da ya tattara kuma ya shiga littafinsa na tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a Zariya a 1981. Ya ceto mana abin da ke bakin mutane. Abin da ke jikin ƙasa kuwa yana nan yana jiran mai karanta shi, ga shi kuma kullum raguwa yake yi.

Domin mu ga yadda ake wannan karatu, bari mu leƙa ƙasar Italiya, wurin Rumawa. Ba Rumawan Ruma ta wajen Batsari muke nufi ba, a'a, mutanen tsohuwar daular Rum. Attajiransu da masu sarautarsu sukan kafa manyan gidajen gona a ƙauye, inda akwai sashen maigida mai ado, da rumbuna, da wurin matse inabi da zaitun, da ɗakunan bayi. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin abin da kakanninmu ke kira gandu ko rinji ke nan. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a Giwa aka buga a 1954, ya san yadda rinji yake a wannan shiyya tamu: ga gidan iyayengiji, ga na bayi, ga gonar gandu da ake nomawa tare.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan gandaye na Rumawa shi ne na Settefinestre, kusa da kufan garin Kosa a yankin Tuskani. An gina shi a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, aka haƙa shi daga 1976 zuwa 1981 a ƙarƙashin jagorancin Andrea Carandini, aka buga sakamakon a kundi uku a 1985. Abin da ya sa aikin ya yi suna ba zinariya ba ce, domin ba ita aka je nema ba. Sunan ya zo ne daga irin haƙurin da aka yi wajen rubuta kowane bango da kowane shimfiɗin ƙasa, har aka iya nuna yadda gandun ya sauya a tsawon zamani, daga dogaro da inabi zuwa wasu sana'o'in kamar kiwo, da yadda aka ƙara wuraren kwanan bayi daga baya. Babu wani bawa na gandun da ya bar mana rubutu. Faɗin ɗakin da ya kwana a ciki, da inda ƙofarsa ke kallo, su ne suka tsaya masa shaida.

To yaya ake yin aikin? Da farko, abin da ido ke gani bango ɗaya ne, mai bincike ba ya yarda cewa ɗaya ne sai ya tabbatar. Yakan share jikin ginin ƙal, ya bi shi a hankali yana neman inda hannun magini ya sauya: inda girman dutse ya bambanta, inda launin kwaɓin da aka ɗaure duwatsun ya canza, inda layin jeri ya karye. Kowane yanki da aka gina a lokaci guda sai a ba shi lambarsa da fom nasa. A kan fom ɗin za a rubuta tsawo da kauri da tsayi, da irin dutsen, da yadda aka sassaƙa shi, da kaurin kwaɓi, da abin da aka cuɗa a cikinsa. Sai a ja igiya a miƙe a jikin bangon, a auna kowane dutse daga igiyar, a zana shi a takarda, yawanci santimita 1 a madadin santimita 20. Sai hoto, da sandar awo a jingine domin mai kallo ya san girman abin. A yau akan haɗa ɗaruruwan hotuna a kwamfuta su ba da siffar bangon gaba ɗaya, amma har yanzu ana koya wa ɗalibai zane da hannu, domin wanda ya zana dutse ɗaya bayan ɗaya dole ya kalle shi.

Inda daɗin aikin yake shi ne wurin da bango biyu suka haɗu. In duwatsunsu sun sarƙe da juna kamar yatsun hannu biyu, to tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su. In ɗaya ya zo ya jingina kawai, ana ganin tsaga a miƙe tsakaninsu, to mai jinginar ƙane ne, domin ba a jingina da abin da babu. In an fasa bango an fitar da ƙofa, ƙofar ta zo bayan bangon, in kuma an toshe ta, toshiyar ta zo bayan su duka. Ramin da aka haƙa don harsashi ya yanka ƙasar da ta riga shi, daɓen da ya hau jikin bango kuma bayansa ya zo. A 1973 wani mai bincike, Edward Harris, yana fama da tarin takardun haƙar da aka yi a garin Winchester na Ingila, ya fito da dabarar jera waɗannan lambobi a takarda guda, na baya a sama, na farko a ƙasa, da layuka masu nuna wa ya riga wa. Duk wanda ya taɓa ganin malami ya zana nasabar gidan sarauta zai gane wannan zane nan take. Nasaba ce, sai dai ta bangaye.

Nasaba takan faɗi wa ya girmi wa, amma ba ta faɗin shekara. A nan Rumawa sun yi wa masu bincikensu gata. Salon gininsu ya riƙa sauyawa da zamani: akwai lokacin da ake jera ƙananan duwatsu barkatai a fuskar bango, sai aka koma sassaƙa su murabba'i ana jera su a karkace kamar ragar kamun kifi, daga baya gasasshen tubali ya mamaye. Wani magininsu mai suna Vitruvius, wanda ya yi rubutu a zamanin Sarki Augustus, ya bayyana salo biyun farko, har ya nuna cewa mai kama da raga ya fi kyan gani amma ya fi saurin tsagewa. Bugu da ƙari, masu gasa tubali a birnin Rum sukan buga hatimi a jikinsa, wani lokaci har da sunayen manyan jami'ai biyu da ake kiran shekara da su. Tubalan shekara ta 123 Miladiyya, alal misali, suna da yawa ƙwarai. Duk da haka mai hankali ba ya gaggawa, domin tsohon tubali yakan shiga sabon gini, kamar yadda azarar kaka kan koma ɗakin jika.

Mai karatu zai ce, ai su da dutse suka yi gini, mu kuwa da ƙasa, me ya haɗa kifi da kaska? Da farko dai mu ma muna da ginin dutse. Ganuwar Surame, birnin Kanta na Kabi a ƙarni na 16, da dutse aka yi ta, haka ma ta Kufan Kanawa a yankin Damagaram, inda Anne Haour ta yi haƙa. Na biyu, su ma Rumawan sun yi gini da ɗanyen tubali. Vitruvius ɗin nan ya ba da shawarar a bar shi ya shekara biyu yana bushewa kafin a ɗora, ya kuma ce a garin Utika, cikin Tunisiya ta yau, sai ya shekara biyar hukuma ta shaida. Na uku, wanda shi ne muhimmi, dokar wa ya jingina da wa ba ruwanta da dutse ko laka.

An ma gwada a ƙasar Hausa an gani. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwar Kano, ɗansa Tsaraki ya kammala, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa, aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623). A shekarun 1960 wani Bature, H. L. B. Moody, ya bi ganuwar ƙofa bayan ƙofa yana awo yana ɗaukar hoto, Hukumar Kayan Tarihi ta buga aikin. Sawun tsofaffin ganuwoyi da suka rage a cikin birni, da yadda sababbin suka fita daga jikinsu, sun nuna cewa lallai birnin a matakai ya girma. A nan bango ya gaskata littafi. Yau da yawancin badalar Kano ta zama gidaje da shaguna, wannan ɗan littafi ya zama abin da ake komawa gare shi. Abin lura ga masu karanta wannan mujalla shi ne, Moody malamin Turanci da adabi ne, irinmu.

A Zariya kuwa bango gyara ya yi wa baki. Binciken da John Sutton da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a shekarun 1970 ya nuna cewa ganuwoyin da ke tsakanin Zariya da dutsen Kufena zagaye ne daban-daban, ba aikin lokaci guda ba. Ba muna musun Amina ba ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Abin da muke cewa shi ne, sunanta ya zama babbar riga da ake yafa wa duk ganuwar da aka manta mai ita, kuma a ƙarƙashin wannan riga an rufe aikin al'ummomi masu yawa waɗanda suka ɗebi ƙasa a ka, unguwa unguwa, shekara da shekaru.

Akwai kuma darasi mai ɗaci daga Katsina. A 1907 Palmer ya sa aka haƙa wasu daga cikin tuddan Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani, inda ake cewa nan ne makwantan sarakunan farko. An sami kaya, amma kayan sun salwanta, bayanin da aka rubuta kuma bai taka kara ya karya ba. Da aka sake haƙa wasu tuddan a 1992, sai aka ɗebo abin da ke ciki tare da ƙasarsa, daga baya aka kai birnin Mainz na Jamus, gidan binciken da ya ƙware a kan kayan Rumawa da Jamusawan da, aka buɗe a hankali ana rubutawa. Daga nan aka san cewa kaburburan na tsakanin ƙarni na 13 da na 16 ne, aka ga zinariya da hauren giwa da wuri da tasar ƙarfe da ta fito daga ƙasashen Musulmi na gabas. Wuri ɗaya, haƙa biyu. Ta farko ta cinye shaidarta, domin haƙa ba ta maimaituwa: abin da ka tone ka rushe shi ke nan har abada, sai abin da ka rubuta.

Shekara biyu bayan tambayar yaron nan, muka ɗauki 'yan ajinmu zuwa wani kufai da ke bayan ƙauyen su ɗaya daga cikinsu, da izinin mai gari da mai gona. Ba mu je da fartanya ba. Kayan aikinmu tef ɗin tela, da igiya, da sanda, da littafin rubutu mai layin lissafi. Sa'ar da muka yi ita ce, masu ɗibar ƙasar gini sun riga sun yanke ganuwar a wuri guda, cikinta ya bayyana kamar an yanka alkaki. Da muka share fuskar da tsintsiya, sai ga abin da ba mu zata ba. A ƙasa akwai tarin jar ƙasa mai tsakuwa, irin wadda ke cikin kwarin da ke waje, alamar daga nan aka haƙo ta aka tara. A bisanta akwai wani siririn layi baƙi-baƙi, irin wanda kan samu in ƙasa ta daɗe a fili ciyawa ta fito ta ruɓe. A bisa wannan kuma sai jerin tubali, irin namu mai kama da ƙwai, ana iya ƙirga su, da laka mai wani launi a tsakaninsu. Yaron da ya yi tambaya shi ya fara magana. Ya ce, "Malam, ashe sau biyu aka gina ta."

Ba mu san shekarar ko ɗaya daga cikin ginin biyu ba, amma mun san hanyar da masana ke bi su sani. Magini yakan kwaɓa ƙasa da duk abin da ke cikinta: tsingaro, gawayi, ƙashi, kashin maƙera. Duk abin da aka samu a cikin bango ya riga bangon zuwa duniya. Gawayi ana iya auna shekarunsa a ɗakin gwaji. Guntun lofe kuwa ya fi kowa iya tsegumi, domin taba daga Amurka ta fito, ba ta kuma bazu a Afirka ta Yamma ba sai wajen 1600. Saboda haka bangon da aka sami lofe a tsakiyar tubalinsa ba zai girmi wannan lokaci ba, ko da wane suna ake kiransa. Sai dai a yi hattara da yaɓen da ake yi bayan kowace damina, domin sabon abu yakan maƙale a fatar tsohon bango.

A nan ne muke da ƙorafi a kan junanmu. Muna rubuta littattafan yaƙi da na sarauta, muna cewa birni mai ƙofa goma sha biyu, ganuwa ta taɓo sama, alhali marubucin bai taɓa taka ganuwar garinsu ya ƙirga taku nawa ce ba. Barth, baƙo daga Jamus, da ya iso Katsina a 1851, bai wuce ba sai da ya ƙiyasta zagayen ganuwarta, mil 13 zuwa 14, ya kuma lura cewa mutane kaɗan ne suka rage a cikin wannan fili. Daga wannan awo nasa ake gane irin girman da birnin ya taɓa yi da irin ramewar da ya yi bayan jihadi. Marubucin da ya san faɗin gwalalo, da inda ake dasa sarƙaƙiya, da dalilin da ya sa ake barin gonaki da kududdufai a cikin ganuwa saboda ranar da za a rufe ƙofa, labarinsa zai yi nauyin da ƙawar kalmomi ba ta bayarwa.

Ba muna cewa kowa ya ɗauki diga ba. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana haƙa ba da izini ba, kuma mun ga ɓarnar da masu tonon gumakan yumɓu suka yi a shekarun 1990, har sunan Katsina da Sakkwato ya shiga jerin kayan da aka gargaɗi duniya kada ta saya a shekarar 2000. Abin da ke hannunmu shi ne abin da ba ya ɓata komai: a taka ganuwa a rubuta yawan taku, a nuna gabas da yamma, a sa alamar ƙofofi da sunayen da tsofaffi ke kiransu, da kukoki, da rijiyoyi, da ramukan marina in akwai. Inda ruwa ko masu ɗibar ƙasa suka yanke ta, a ɗauki hoto da sanda a jingine, a zana, a rubuta rana da wata da shekara. Abin da dattijo ya faɗa a rubuta shi a shafi dabam da abin da ido ya gani, kada a gauraya. A yi kwafi biyu, ɗaya a makaranta, ɗaya a aika gidan tarihi na Katsina ko sashen binciken kufai na jami'a a Zariya.

Mun san zamani ya yi wuya. Tun daga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, babu shugaban makarantar da zai sa hannu a kai yara daji, mu ma ba za mu nema ba. Abin da ya sa kakanni suka haƙa gwalalo ya dawo, ya kuma hana jikoki zuwa duba gwalalon. Amma ba duk kufai ke cikin daji ba, wasu a bayan kasuwa suke, wasu a gefen titi. Hotunan tauraron ɗan'adam da ke cikin wayar hannu kuma suna nuna zoben tsohuwar ganuwa sarai, musamman waɗanda aka ɗauka da rani, har ana iya auna zagayenta daga ɗaki.

Bara da rani wani aiki ya bi da mu ta ƙauyen nan, muka roƙi mai babur ya tsaya. Yankin da muka share da tsintsiya babu shi, tifa ta kwashe, an buga bulo a wurin, an shuka waken suya a inda kwarin yake. Mai gonar ya gane mu, muka gaisa, ya tambayi yaran. Da muka dawo gida muka buɗe akwati muka ɗauko littafin nan mai layin lissafi. Zanen yana nan a shafi na tara, da jar ƙasa a ƙasa, da baƙin layi, da tubali sahu huɗu, da kwanan wata a kusurwa cikin rubutun yaron.